Kwaɓin kukis na Toll House da ake ci ɗanye: abin da ke cikin robar, da yadda ake yin wanda ya fi shi a gida

Duk uwargidan da ta taɓa kwaɓa kukis ta san wannan lokacin: tire bai shiga oben ba tukuna, amma yara sun riga sun kewaye kwano, kowa na jiran a miƙa masa cokali ko muciya ya lashe. Amurkawa sun daɗe da mayar da wannan lasar cokalin sana'a. A shekarar 2019 kamfanin Nestlé ya fito da Toll House Edible Cookie Dough, kwaɓin kukis da aka haɗa musamman don a ci da cokali kai tsaye daga roba, ba tare da ya ga wuta ba. Robar na ɗaukar giram 425, ana ajiye ta a sashen kayan sanyi na manyan kantuna, kuma kuɗinta wajen dala 5 ne lokacin da ta fito. Da iri biyu aka fara: mai ƙwayoyin cakulan zalla, da mai markaɗaɗɗiyar gyaɗa haɗe da cakulan. A kan na farkon za mu tsaya, don da shi ake gwada sauran.

Bari mu faɗi hukuncinmu tun yanzu. Kaya ne mai kyau, an yi shi da lura, kuma ya cika alkawarin da ke jikin robarsa. Sai dai mai saye ya sani cewa abin da ya biya kuɗinsa a kai shi ne fulawar da ke ciki. Ta wajen daɗi, uwargida mai bota da sukari da rabin awa za ta yi wanda ya fi shi nesa ba kusa ba. Aikin da masana'anta ta yi wa fulawar ne ke da wuyar kwaikwayo a kicin, kuma a nan ne ya kamata a buɗe ido.

Sunan Toll House ya samo asali ne daga wani masauki a garin Whitman na jihar Masacusets, inda mai masaukin, Ruth Wakefield, ta ƙirƙiro kukis mai ƙwayoyin cakulan a ƙarshen shekarun 1930. Har yau haɗin nata na nan a bayan jakar cakulan ɗin Nestlé mai launin ɗorawa: fulawa kofi biyu da kwata, bota kofi ɗaya, farin sukari da jan sukari kowanne kashi uku cikin huɗu na kofi, ƙwai biyu, bekin soda da gishiri da banila ƙaramin cokali ɗai-ɗai, sai cakulan kofi biyu. Wannan haɗin na gashi ne. Abubuwa biyu a cikinsa ba a cin su ɗanye, ƙwai da fulawa, amma mutane da yawa ƙwan kaɗai suke tsoro.

Kamfanin da kansa ya koyi darasin fulawa ta hanya mai ɗaci. A 2009 ƙwayar cutar E. coli O157:H7 ta kama mutum 77 a jihohi 30 na Amurka, aka kwantar da 35 a asibiti, 10 daga cikinsu cutar ta taɓa musu ƙoda. Da aka bi sawu sai aka gano yawancinsu sun ci kwaɓin Toll House na gashi ne ɗanye, akasari 'yan mata da yara. Aka janye fakiti miliyan 3.6 daga kasuwa. Ƙwan da ke cikin kwaɓin an riga an kashe masa ƙwayoyin cuta a masana'anta, shi ya sa masu bincike suka fi zargin fulawa, kuma a watan Janairun 2010 kamfanin ya koma amfani da fulawar da aka bi ta da zafi. A 2016 aka sake ganin irin haka, wannan karon da fulawar buhu ta kamfanin General Mills: mutum 63 a jihohi 24 suka kwanta, aka janye fulawa fiye da tan dubu 20. Wannan tarihin ne ya haifi robar da muke magana a kai, kuma shi ya sa muke ɗaukar maganar kamfanin a kan fulawarsa da muhimmanci.

To, yaya abin yake a baki? Idan aka ɓalle murfin, kwaɓin yana da launin ƙasa-ƙasa mai haske, ƙwayoyin cakulan a barbaje ko'ina, ba a yi rowarsu ba. Fitowarsa daga firji yana da tauri, cokali da ƙyar yake shiga, kuma a wannan halin ƙamshinsa a rufe yake. A bar shi a waje minti 10 zuwa 15, sai ya saki jiki, ƙamshin bota da banila su taso. Wanda ya ci shi da sanyinsa ya cuci kansa rabin daɗin.

Laushinsa daidai ne, ba ya maƙale wa dasashi, kuma babu wannan ɗanɗanon gari-gari da ɗanyar fulawa ke bari a harshe. Ana jin sukari yana ƙurus-ƙurus a haƙori, wanda ba aibi ba ne, don haka kwaɓin kukis na gaske yake. Masu son abin ma shi suke nema. Inda muke da ja shi ne zaƙi. Ya yi yawa, gishirin da zai tare shi kuma ya yi kaɗan, don haka cokali uku ko huɗu sun isa su ginshi mutum. Ɗan barbaɗa gishiri a kan cokali yana gyara shi ƙwarai, wanda ke nuna a ma'auni matsalar take, kayan haɗin ba su da laifi. Na biyu, rashin gwaiduwar ƙwai ya bar giɓi: akwai wata danƙo da maiƙo-maiƙo da gwaiduwa ke ba kwaɓi, wanda babu shi a nan, sai ya zama zaƙin ya tsaya shi kaɗai. Na uku, ƙwayoyin cakulan irin na gashi ne, waɗanda aka yi su don su riƙe siffarsu a cikin oben. Man koko da ke cikin cakulan yana narkewa ne a wajen digiri 34 na ma'aunin Celsius, kusa da zafin baki, saboda haka ƙwayar da ta fito daga firji takan ɗauki lokaci kafin ta narke, sai a ji ana tauna abu mai kama da kakin zuma kafin daɗin cakulan ya iso.

Kada a gasa shi. Kamfanin ma ya ce ba don gashi aka yi shi ba. Ba shi da ƙwan da zai ɗaure shi idan ya ji wuta, don haka abin da zai fito daga oben faifai ne mai maiƙo. Wanda ke son kwaɓin da zai lasa kuma ya gasa ragowar, na kamfanin Pillsbury ya fi dacewa da shi, don tun 2020 suka mayar da kwaɓinsu na firji wanda za a iya ci ɗanye ko a gasa, da fulawar da aka bi da zafi da ƙwan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Ben & Jerry's kuma suna sayar da nasu a ƙananan dunƙule daskararru, waɗanda suka fi dacewa da barbaɗawa a kan ayis kirim.

Yanzu ga zancen fulawa, wanda shi ne zuciyar al'amarin ga mai son yi a gida.

Alkama a gona take girma, ƙarƙashin tsuntsaye, kusa da dabbobi da taki da ruwan ban-ruwa. Daga gona zuwa injin niƙa babu wani mataki da ake dafa ta. Niƙa da tankaɗe da mayar da ita fara duk ba sa kashe ƙwayoyin cuta irin su Salmonella ko E. coli. A cikin busasshen gari ƙwayoyin ba sa hayayyafa, amma suna iya zama da rai wata da watanni, suna jiran ruwa. Da an zuba madara sun sami abin da suke jira. Farin fulawa da kyawun buhu ba shaida ba ne. Ɗanyen abinci ce kamar ɗanyen nama, kawai ba ta yi kama da shi ba ne. Iyayenmu sun san wannan a aikace ko da ba su kira sunan ƙwayar cuta ba: hatsin dakuwa sai an soya shi kafin a daka, dunƙulen fura sai an dafa kafin a kirɓa. 

Shawarar da ta fi yawo ita ce a ɗumama fulawa har ta kai digiri 74. Yana da kyau a san daga ina wannan lambar ta fito: ma'aunin dafa kaza ne da sauran abinci masu ruwa a jiki. Zafi mai damshi yana kashe ƙwayoyin cuta da sauri, busasshen zafi kuwa ba haka ba, kuma Salmonella ta fi jure wuta idan tana cikin busasshen abu. Ga kuma matsalar rashin daidaito: gefen tire ya yi zafi, tsakiya bai yi ba. Saboda haka ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, take cewa kada a dogara da gasa fulawa a gida a matsayin tabbacin an kashe komai. Masana'antu suna da na'urorin da aka gwada aka tabbatar da adadin zafi da lokacin da suke bayarwa. Oben ɗin gida ba shi da wannan shaidar. Gasa fulawa a gida yana rage haɗari kuma yana gyara ɗanɗano, wannan gaskiya ne, amma ragewa ce. Idan kwaɓin na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne, ko mai juna biyu, ko tsoho, ko mai jinya, a bar fulawa gaba ɗaya a yi da garin biskit ko na ots, kamar yadda za mu bayyana a ƙasa.

Ga wadda za ta gasa fulawar don manya masu lafiya, ga yadda ya fi. Ki auna giram 130, don za ta rage nauyi. Fulawa tana da damshi kusan kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, wani zai tafi da zafi, wani kuma zai tsaya a rariya. Ki kunna oben ya kai digiri 175 kafin ki saka komai. Ki baza fulawar a tire, kaurinta kada ya wuce santimita ɗaya. Bayan minti 5 ki fito da ita ki juya, ki jawo ta gefe zuwa tsakiya, ta tsakiya zuwa gefe, ki mayar na wasu minti 5. Wajen aunawa, kada ki soka ma'aunin zafi a shimfiɗaɗɗiyar fulawa, don ƙarfen tire zai taɓa ya ba ki lambar ƙarya. Ki tara ta tsibi, ki soka a tsakiyar tsibin, ki sake a wuri biyu ko uku. Digiri 74 shi ne mafi ƙaranci. Wuce shi ya fi rashin kai shi.

Idan babu oben, tukunya mai kaurin gindi a kan wuta kaɗan tana yi, kuma a ganinmu ta fi oben ba da daɗi. Ana juyawa ba tsayawa na minti 8 zuwa 10. Da farko za ki ga ɗan tururi yana tashi, fulawar tana dunƙulewa tana maƙale wa muciya. Daga baya sai ta warware ta zama kamar yashi mai laushi, launinta ya koma irin na madarar gwangwani, ƙamshi mai kama da na soyayyar gyaɗa ya tashi. Nan ne wurin saukewa, kuma a juye ta a faranti nan take, don zafin tukunya zai ci gaba da ƙona ta ƙasa. Idan ta kai launin ƙasa sosai ta yi ɗaci, kuma sukari ba ya ɓoye wannan ɗacin. Maikirowef shi ne mafi rauni a cikin ukun, don yana dafa wani wuri ya bar wani. Idan shi kaɗai ke akwai, a riƙa yi daƙiƙa 30-30 ana juyawa a tsakani.

Kowace hanya aka bi, matakai biyu ba a tsallake su: a tankaɗe, a bari ta huce sarai. Gasasshiyar fulawa tana yin ƙananan ƙulalai masu tauri waɗanda bugu ba ya fasa su, rariya kaɗai ke raba su. Fulawa mai ɗumi kuma tana narkar da bota, ta narkar da cakulan, kwaɓin ya koma ruwan ƙasa mai naso. Minti 20 zuwa 30 a baje a faranti sun isa. Ki sa bayan hannunki a kai. In kin ji ɗumi ko kaɗan, da saura.

Haɗin da muke ba da shawara kusan rabin na bayan jakar Toll House ne, an cire ƙwai da bekin soda, an rage farin sukari da cakulan, an ƙara jan sukari. Bota giram 113, wato rabin kofi. Jan sukari giram 100. Farin sukari babban cokali biyu. Madara babban cokali biyu zuwa uku. Banila ƙaramin cokali ɗaya. Gishiri mai laushi rabin ƙaramin cokali idan botar ba ta da gishiri, kwata idan tana da shi. Fulawar da aka gasa giram 120. Cakulan giram 90. Wannan zai ba da kusan giram 480, ya ɗan fi robar kanti, kuma zai ishi mutum shida zuwa takwas, don abu ne mai nauyi.

Ki fara da buga bota da sukari duka biyun, minti uku cikakku da injin buga kek, ko biyar zuwa shida da muciya, har haɗin ya yi haske ya tashi. A kukis na gashi oben ne ke narkar da sukari. A nan babu oben, don haka wannan bugun da ɗan ruwan da ke cikin bota su ne kaɗai za su rage masa kaifi. Sai ki zuba madara cokali biyu da banila da gishiri, ki sake bugawa minti ɗaya. Gishirin a wannan matakin yake shiga don ya narke. Idan aka zuba shi tare da fulawa, wani cokalin zai yi gishiri wani ya rasa. Daga nan fulawa, kashi biyu, ana juyawa da muciya a hankali. Ki dakata minti biyar kafin ki yanke hukunci a kan kauri, saboda gasasshiyar fulawa tana da ƙishi, tana ci gaba da shan ruwa bayan an gama juyawa. Idan kin matsa da cokali kin ga yana tsagewa a gefe, ki ƙara madara ƙaramin cokali ɗai-ɗai. Cakulan ne na ƙarshe.

Bekin soda da bekin foda ba su da aiki a nan. Zafi suke jira su kumbura kwaɓi, kuma a ɗanye abin da suke bari shi ne ɗanɗanon sabulu irin na kanwa idan ta yi yawa a miya. Ƙwai kuwa kusan kashi uku cikin huɗu nasa ruwa ne, kuma gurbin wannan ruwan madarar ke cikewa. Don maye gurbin maiƙon gwaiduwa, wanda muka ce robar kanti ta rasa, babban cokali ɗaya na madarar gari mai cikakken mai yana yin abin mamaki. Wadda ta san tuwon madara ta san irin jikin da madarar gari ke ba abu. Madarar ruwa kuma ta kasance ta gwangwani, ko ta gari da aka dama da tafasasshen ruwa. Idan ta shanu ce sabuwar tatsa, sai an tafasa ta ta huce, in ba haka ba an cire ƙwai an shigo da wani haɗarin ta bayan gida.

Bota tana buƙatar magana ta musamman, don a kasuwanninmu abu biyu ake kira da wannan sunan. Akwai ta madarar shanu, wadda aƙalla kashi 80 cikin ɗari nata mai ne, akwai kuma ta man itatuwa, irin ta shafa wa burodi ko ta kek da ake aunawa. A cikin kek bambancin yana ɓuya. A kwaɓin da ba a gasa ba babu inda zai ɓuya, domin botar ce rabin ɗanɗanon. Ta man itatuwa takan bar wani shafi a dasashi, ta roba mai laushi kuma tana da ruwa da yawa, sai kwaɓin ya saki. In ita ce a hannu, a fara da madara cokali ɗaya kawai, a rage gishiri. Zafin botar ma yana da muhimmanci: ana son ta a wajen digiri 18 zuwa 20, yadda yatsa zai lotsa ta amma ba ta ƙyalli. Tana fara narkewa a digiri 32 zuwa 35, wanda a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi inuwar ɗaki ma ta wuce haka. A irin wannan lokacin minti goma a waje sun ishe ta, kuma a yi aikin da sassafe. Idan kwaɓin ya fara naso ana cikin juyawa, kada a ƙara fulawa, wannan zai sa ya bushe idan ya yi sanyi; a saka kwanon a firji minti 15 a sake juyawa.

Wata dabara da ke ɗaga na gida sama da na kanti ita ce a soya rabin botar har ƙananan ɗigon madarar da ke ƙasan tukunya su yi ja, ƙamshi ya tashi, kamar yadda ake soya man shanu. A bari ta huce ta fara daskarewa kafin a haɗa da sauran rabin. Suyar tana korar ruwan da ke cikinta, don haka a ƙara madara kamar rabin babban cokali. Soyayyen man shanu na gida ma yana shiga, amma ƙamshinsa yana da ƙarfi, yana iya danne banila; babban cokali ɗaya a cikin botar ya wadatar.

Jan sukari shi ne ke ba kwaɓin kukis launinsa da wannan ɗanɗanon alewa-alewa, kuma ba a kowane kanti ake samunsa ba. Farin sukari zalla yana ba da kwaɓi fari, mai zaƙi kawai, mai yashi a baki. Mazarƙwaila tana maye gurbinsa da kyau, don ita ma ruwan rake ce da ba a tace ba, har ta fi shi zurfin ɗanɗano. Sai dai ba a zuba ta a daka kawai, saboda takan zo da ɗan tsakuwa ko ɓawon rake. Ki kankare giram 70, ki sa a ƙaramar tukunya da ruwa babban cokali uku, wuta kaɗan, har ta narke ta tafasa sau ɗaya. Ki tace da rariya mai laushi, ki bari ta huce. Da ruwa ake narkar da ita, don ɗan tsamin da ke jikinta yana iya tsinka madara a kan wuta. Sai ki buga botar da farin sukari giram 50, ki zuba wannan ruwan mazarƙwailar a gurbin madarar ruwa, ki ƙara madarar gari babban cokali ɗaya ko biyu. Idan farin sukarin mai manyan ƙwayoyi ne, a niƙa shi kaɗan a bilenda tukuna.

Banila ma a duba kwalbarta. A dokar Amurka, abin da ake kira tsantsar ruwan banila dole ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin ɗari na barasa, don da ita ake jiƙo ƙamshin. Tunda wannan kwaɓin ba ya shiga wuta, abin da aka zuba yana nan yadda yake. Akwai banila ta gari, akwai filebo da aka rubuta babu barasa a jikinsa. Su za a nema. Wanda zai sayi robar kanti ko waninta shi ma ya karanta jerin kayan haɗin da ke jiki.

Cakulan kuwa, sanda da aka yayyanka da wuƙa ƙanana-ƙanana ta fi ƙwayoyin gashi a nan, don tana narkewa a baki da sauri, ɓurɓushinta kuma yana ratsa kwaɓin ko'ina. Mai ɗan ɗaci ta fi mai madara, ita ce ke karya zaƙin.

Ga kuma hanyar da babu ɗanyar fulawa sam, wadda ita muke so a yi wa yara. Ki sami biskit marar kirim a tsakiya, mai sauƙin zaƙi, ki niƙa ko ki daka giram 150 har ya zama gari, ki tankaɗe. An riga an gasa shi a matsayin jiƙaƙƙen kwaɓi, wanda shi ne irin zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta da gaske. Tunda yana ɗauke da nasa man da sukarin, ki rage bota zuwa giram 80, jan sukari zuwa giram 50, ki bar farin sukarin gaba ɗaya, gishiri ɗan kaɗan. Launinsa zai fi duhu, ɗanɗanonsa ya fi kusa da gasasshen kukis, amma laushinsa yana gamsarwa. Hanya ta biyu ita ce ots, irin na Quaker, wanda ake turara shi a masana'anta kafin a murje shi. A niƙa giram 130 a busasshiyar bilenda, a tankaɗe sau biyu. Ots yana shan ruwa a hankali kuma da yawa, don haka kwaɓin da ya yi daidai yanzu zai yi tauri bayan awa ɗaya. A bar shi da ɗan ruwa-ruwa, a ba shi rabin awa a firji kafin a ci. Babban cokali biyu na markaɗaɗɗiyar soyayyar gyaɗa suna tafiya da ots ƙwarai, matuƙar babu mai rashin jituwa da gyaɗa a cikin masu ci.

Wajen ci, ƙaramin kofi ko cokali biyu ga kowane mutum ya isa. Ana iya mulmula shi ƙanana kamar gurjiya, a jera a faranti a daskarar, a zuba a cikin ayis kirim. Ana kuma iya cire ƙwallon dabino a cusa shi a ciki. A wannan a rage sukarin kwaɓin, don dabinon ya kawo nasa.

Wa ya kamata ya sayi robar Toll House? Wanda ke zaune inda ake sayar da ita a firjin kanti, yana son abin marmari ba tare da wanke-wanke ba, ko yana son ɗanɗanon fulawa na asali tare da kwanciyar hankalin cewa masana'anta ce ta bi ta da zafi. A wannan ba mu da ja, muna ba da shawararta. Wanda kuma zai same ta ta hannun masu shigo da kaya daga waje, ya tuna kayan firji ce mai bota a ciki. Idan murfin ya kumbura, ko mai ya taru a sama ya sake daskarewa, ko cakulan ya yi fari-fari ya manne wuri ɗaya, alama ce ta narke a hanya, kuma amincin da aka biya kuɗi dominsa ya riga ya tafi.

Na gida yana kwana huɗu zuwa biyar a firji cikin roba mai murfi, wata biyu a firiza idan an mulmula shi. Kada ya wuce awa biyu a waje, ko awa ɗaya idan zafin gari ya haura digiri 32, saboda madarar da ke ciki. A riƙa ɗiba da cokali mai tsabta a zuba a wani kwano, kada a ci daga robar a mayar. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, a raba ma'aunin biyu a yi wanda za a cinye a ranar: bota giram 55, jan sukari 50, farin sukari cokali ɗaya, fulawa ko garin ots 60, madara cokali ɗaya zuwa ɗaya da rabi, cakulan 45.